Kayan Aron Da Ya Rufe Mana Katara

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma tun ina yaro nake jin iyaye suna yi wa 'ya'yansu kashedi da wannan karin magana, domin kada su saba da dogaro da abin hannun wani. Ban taɓa zaton zan yi wa maganar magabata gardama ba, sai da Allah Ya jarrabe ni da rainon ɗiya marar gani. A nan ne na fahimci cewa akwai kayan da aronsa ya fi mallakarsa amfani, kuma akwai gidajen da in ba a ba su aro ba, to har abada katararsu a buɗe za ta zauna. Abin da nake son in tattauna da mai karatu a yau ke nan, wato ɗakunan da ake ba da aron littattafai da na'urorin koyo ga yara masu buƙata ta musamman, kamar yadda na gan su a wata ƙasa, da kuma dalilin da ya sa nake ganin mu ne muka fi kowa buƙatarsu.

An haifi ɗiyata ta biyu da ciwon hawan jinin ido. Duk da aikin da likitoci suka yi mata har sau biyu, kafin ta cika shekara biyar ganinta ya tafi, in ban da ɗan abin da ya saura a idon hagu, wanda da shi take hangen manyan abubuwa dishi-dishi. A shekarar 2013 na samu damar ƙaro karatu a wata jami'a da ke arewacin Ingila, na tafi da iyalina, a lokacin yarinyar tana da shekara shida, ba ta taɓa riƙe littafi da sunan karatu ba. Ni da nake koyar da 'ya'yan wasu, sai ga shi na rasa ta inda zan fara koyar da tawa. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Ba mu fi wata guda da sanya ta a makarantar unguwa ba, sai ga wata dattijuwar malama ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ɗauke da wani akwati mai nauyi. Tana daga cikin malaman da suka samu horo na musamman a kan koyar da yara masu matsalar gani, waɗanda ƙaramar hukuma take turawa makarantu da gidaje. Da ta buɗe akwatin, sai na ga wata na'ura ta ƙarfe mai kama da tafireta, sai dai maɓallanta tara ne kacal. Ita ce ake kira Perkins, na'urar rubutun makafi da aka fara ƙerawa a Amurka a shekarar 1951, kuma har gobe ita ce aka fi amfani da ita a makarantun makafi na duniya. Shida daga cikin maɓallan nan su ne ke fitar da ɗigo shida da Louis Braille, wani makaho ɗan ƙasar Faransa, ya gina rubutunsa a kansu, ya kuma buga tsarin a 1829. Da waɗannan ɗigo shida ake samar da alamomi 63, waɗanda suka isa a rubuta haruffa da lambobi da lissafi. Na'urar ba ta buƙatar lantarki ko batir, nauyinta ya kusa kilo 5, kuma in ana kula da ita takan yi shekaru aru-aru tana aiki.

Tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce nawa ne kuɗinta, domin na san aljihun ɗalibi. Malamar ta yi murmushi ta ce ba ta sayarwa ba ce, aro ce. Ta miƙo mini takarda guda na sa hannu. Sharuɗɗan ba su da yawa: na'urar za ta zauna a gidanmu muddin yarinya tana buƙatarta, in ta lalace kada mu taɓa ta, mu kira su za su kawo wata su tafi da wannan wurin gyara, ranar da za mu bar garin kuwa mu mayar da ita. A ƙarƙashin na'urar akwai lamba da aka manna, kuma malamar ta gaya mini cewa yara da dama sun koyi rubutu a kanta kafin tawa.

Bayan na'ura sai littattafai. Malamar ta yi mana rajista da wani ɗakin ba da aro mai suna ClearVision, wanda yake a Landan, amma ta gidan waya yake aika wa iyalai littattafan yara. Dabararsu mai sauƙi ce ƙwarai. Sukan ɗauki littafin yara na yau da kullum mai hotuna, su warware shi, su saka fallen roba garai-garai a tsakanin shafuffukan, wanda aka buga rubutun makafi a kansa, sannan su sake ɗinke shi. Da haka mai ido yana ganin rubutun boko ta cikin robar, marar gani kuma yana bin ɗigon da yatsunsa, duk a shafi ɗaya. Daren da jakar farko ta iso, na zaunar da yarinyar a kan cinyata, ina karantawa tana lalube. Bayan 'yan watanni sai al'amarin ya juya, ita ke karantawa ni ina duba ko ta yi daidai. Wata rana na tsallake wata kalma da gangan, sai ta dafe mini hannu ta ce, "Abba, ka bar ɗaya." Mahaifiyarta da ke tsaye a bakin ƙofa ta juya ta shige ɗaki, don kada yara su ga hawayenta.

Idan mun gama da littattafan, sai mu mayar da su cikin jakar, mu juya katin adireshi, mu kai gidan waya. Ba mu taɓa sayen kan sarki ba, saboda a ƙasar kyauta ake aika kayan karatun makafi. Daga baya na gano cewa wannan rangwame ba na Ingila kaɗai ba ne, yana cikin ƙa'idojin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda Nijeriya ma mamba ce a cikinta, cewa kayan makafi har zuwa kilo 7 ba a karɓar kuɗin aikawa a kansu.

Akwai wani aro guda da bai yi mana amfani ba, kuma shi ne ya fi koya mini darasi. Saboda ɗan ganin da ya saura a idonta na hagu, na ƙwallafa rai a kan wata na'ura mai kyamara da allo kamar na talabijin, wadda take ƙara girman rubutu ninki-ninki. A zuciyata ina fatan ko za ta karanta boko da ido kamar sauran yara. Har na fara tara kuɗi. Malamar ba ta yi mini musu ba, sai ta ce mu gwada tukuna, ta kawo mana guda aro. Cikin mako uku muka ga gaskiya da idonmu: yarinyar takan manna fuskarta da allo, ta karanta kalma biyu ko uku, sai ciwon kai da hawaye. Muka mayar da ita ba tare da asarar ko kwabo ba. Da a ce saye na yi, da kuɗin abincinmu na watanni ya tafi, kuma da na ci gaba da tilasta wa yarinya abin da ke cutar da ita, don kawai kada a ce kuɗina ya tafi a banza. Ba ni kaɗai ke faɗawa wannan tarko ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1993 ya gano cewa kusan kashi 29 cikin 100 na na'urorin taimako da nakasassu suka mallaka, daga baya jingine su suka yi, kuma daga cikin manyan dalilan akwai rashin jin ra'ayin mai amfani da abin kafin a zaɓa masa, da kuma sauyawar buƙatunsa.

Wannan tsari ba dare ɗaya ya tsiro ba, kuma ba gwamnati ce ta fara shi ba. A shekarar 1882 wata makauniya mai suna Martha Arnold ta fara ba da aron 'yan littattafan da take da su daga gidanta a Landan. Wannan ɗan ƙaramin aiki shi ne ya girma ya zama babban laburaren makafi na ƙasar, wanda ya haɗe da ƙungiyar RNIB a 2007. Ita kuwa RNIB ta soma ba da aron littattafai masu magana a kan faifan garmaho tun 1935, musamman saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda girma ya riske su ba su iya karatu da yatsa ba. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a 1931 ce ta ɗora wa laburaren majalisar dokokin ƙasar alhakin ba makafi aron littattafai kyauta, aka shigar da yara cikin shirin a 1952, sannan a 1966 aka faɗaɗa shi ga waɗanda wata nakasa ta jiki ta hana su riƙe littafi ko buɗe shafi. A ƙasar Suwidin kuma, a 1963 aka buɗe ɗakin ba da aron kayan wasa ga yara masu nakasa, domin an gane cewa yaron da hannunsa ko harshensa ko fahimtarsa ke da rauni, ta hanyar wasa yake fara koyo. Gyaran da Amurka ta yi wa dokarta ta na'urorin taimako a 2004 ya sa kowace jiha tana da shirin da mutum zai je a nuna masa na'ura, ya ari ta gwaji na ɗan lokaci, ko a ba shi wadda wani ya gama amfani da ita bayan an gyara. Mai karatu zai lura cewa ƙasashen da suka fi mu kuɗi su ne suka fi mu riƙo da aro, mu kuwa da ba mu da shi, mun tsaya a kan cewa kowa ya sayi nasa ko ya jira kyauta.

A 2017 na kammala karatu, lokacin komawa gida ya yi. Littattafan roba muka mayar, yarinya tana kuka. Saura na'ura. Kuɗin sabuwa ya haura dala 700, ban da kuɗin dako, ni kuwa na riga na kashe abin da nake da shi a tikitin mutum biyar. Wani ɗan'uwa da na yi wa ƙorafi ta waya ya ce mini, "Kai ma dai da wani abu kake. Sa ta a akwati ka taho, wa zai biyo ka Kano? Su da suke da su jibge." Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, kwana biyu maganar tana yi mini yawo a kai, har na gwada na ga tana shiga akwati. Uwargida ce ta yanke hukunci. Ta ce, "Malam, da waɗanda suka riga mu sun gudu da ita, da me 'yarka za ta koyi rubutu?" Washegari na ɗauke ta na kai ofishinsu. Da malamar ta ji halin da muke ciki, ita ce ta yi ta bincike har ta samo mana tsohuwa da aka gyara a kan farashi mai rahusa, abokan karatuna suka yi mini karo-karo muka saya.

Abin da muka tarar a gida ba sabon labari ba ne ga duk wanda ya taɓa leƙa ajin makafi. A makarantar da muka kai ta, wadda ba zan ambaci sunanta ba domin malamanta suna iya bakin ƙoƙarinsu, na'urar rubutu uku na gani, biyu sun lalace an jingine su a kan kabad. Sauran yara da allon ƙarfe da tsinke suke rubutu, wanda a kansa sai an huda ɗigo ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu, sannan a juya takarda a karanta. Littafin lissafi guda ɗaya ne na ajin gaba ɗaya, shi ma na tsohuwar manhaja. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wani sito da aka buɗe mini, cike da kayan da wata ƙungiya ta kawo gudummawa, suna nan cikin kwalayensu ƙura ta rufe su. Da na tambayi dalili, sai aka ce wanda ya sa hannu ya karɓa yana tsoron kada wani abu ya ɓace ko ya lalace a tuhume shi. A daidai wannan lokaci, yaran da aka kawo kayan dominsu suna tafiya hutu na makonni hannu rabbana, su dawo yatsunsu sun manta rabin abin da suka koya.

Ba makafi kaɗai abin ya shafa ba. Na san wani magidanci da ya sayar da rago ya saya wa ɗansa na'urar ƙara ji a kasuwa, ba tare da an auna kunnen yaron ba, yau tana cikin kwanon ajiyar allura. Kowa kuma ya ga yadda ake raba keken guragu a wuraren taro, duk girma ɗaya, a ba yaro ɗan shekara bakwai keken babban mutum, a ɗauki hoto a watse. Tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka nuna cewa keken da bai dace da jikin mai shi ba yana iya jawo gyambon zama da karkacewar baya. Yaro kuwa girma yake yi, keken da ya yi masa daidai bana zai matse shi nan da shekara biyu. Rahoton da wannan hukuma ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce mutane fiye da biliyan 2.5 a duniya suna buƙatar aƙalla kayan taimako guda ɗaya, kusan biliyan 1 ba su samu ba, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kacal na masu buƙata ke samu. In abu ya yi ƙaranci haka, ya yi tsada, kuma mai shi zai girme shi, hankali ma ya isa ya nuna cewa zagayawa ya kamata ya riƙa yi daga hannu zuwa hannu.

Wani zai ce ai yanzu zamanin waya ne, komai ana saurarensa. Gaskiya ne wayoyin zamani suna karanta wa makaho abin da ke kan allo, kuma akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina tun daga 2006, ɗiyata ma da ita take aiki yanzu. Amma sauraro daban, karatu daban. Yaron da bai taɓa shafa harafi da yatsansa ba, ba zai san yadda ake jera haruffan kalma ba, ba zai san inda ake sa aya da waƙafi ba, balle ya jera lissafi layi-layi. Babu uban da zai yarda a hana ɗansa mai ido alƙalami a ce ya wadatu da rediyo. Littafin makafi kuma yana da girma, shafi ɗaya na boko yakan ci shafi biyu zuwa uku a takarda mai kauri, saboda haka littafin aji ɗaya yakan zama mujalladai da yawa. Babu talakan da zai iya sayensa, babu kuma dalilin da zai sa ya ajiye shi bayan ɗansa ya wuce ajin.

Ta fuskar doka, ba mu da sauran uzuri. A 2013 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Marrakesh a ƙasar Maroko, wadda ta ba da damar a mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko murya ko manyan haruffa ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba, a kuma aika irin waɗannan littattafai daga ƙasa zuwa ƙasa. An yi ta ne saboda abin da Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta kira yunwar littafi, domin ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ne ke isa ga makafi, a ƙasashe masu tasowa kuwa abin bai fi kashi 1 ba. Nijeriya ta rattaba hannun amincewa a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shigar da wannan sassauci. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Asusun ilimin bai-ɗaya na tarayya ma ya ware kashi 2 cikin 100 domin ilimin yara masu buƙata ta musamman. Mutanen da suka san aikin su ma muna da su. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana nan tun 1953, akwai ta Tudun Maliki a Kano, akwai kwalejin horon malamai ta musamman da ke Oyo, ga sassan ilimi na musamman a jami'o'in Jos da Bayero. Abin da ya rage shi ne hanyar da kaya zai bar sito ya kwana a gidan yaro, ya kuma dawo.

Na san abin da ke ran mai karatu, domin duk wanda na kawo wa wannan magana amsarsa ɗaya ce: mutanenmu ba za su mayar ba. Tunda ni kaina na taɓa gwada na'urar mutane a akwati, ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. Sai dai ina tuna wa masu wannan magana cewa a shekarun 1990, a lunguna da dama na Kano da Zariya da Katsina akwai shagunan hayar littattafan soyayya da kaset-kaset na bidiyo, yarinya ta aiko ƙaninta ya karɓa, bayan kwana biyu a dawo da shi, kuma masu shagunan da wannan sana'a suka riƙe gidajensu. Har yau masu hayar rumfa da kujeru da tukwanen biki suna ba da kayan dubban nairori su kwana a waje, da safe su ƙirga abinsu. Tun kafin zuwan injin buga littafi, malamanmu na zaure da aro suke samun littafi, ɗalibi ya karɓa ya kwafa da hannu ya mayar. Abin da ya riƙe waɗannan duka shi ne littafin rajista, da sanin gidan mai karɓa, da wanda ya tsaya masa. Makafi da guragu da kurame kuwa sun fi kowa tsari a garuruwanmu, suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, sun san junansu gida-gida. In Sarkin Makafi ko mai unguwa ko shugaban makaranta ya tsaya wa uba, da wuya kaya ya salwanta. Wanda zai ɓace kuma ya ɓace, asararsa ba za ta kai ta kwalayen da ƙura ta cinye ba a taɓa buɗe su ba.

A nawa ɗan tunanin, ba sai an jira kwangilar gini ba. Ɗaki guda ya isa, a laburaren jiha ko a sashen ilimi na musamman na wata jami'a ko kwaleji. A fara da ƙirga abin da ke akwai a makarantu da sito-sito, mai aiki da wanda ya lalace, a manna wa kowanne lamba, a fitar da jerin sunayensu yadda iyaye da malamai za su gani ko a wayarsu. A horar da masu gyara, domin na'urar Perkins ƙarfe ce da sifirin, masu gyaran tafireta da keken ɗinki da zamani ya rage wa kasuwa za su iya koyonta cikin ɗan lokaci, kamar yadda masu walda za su iya koyon daidaita keken guragu da jikin yaro. A sa ma'aikaci mai horo wanda zai gwada wa yaro abu kafin a ba shi, ya kuma nuna wa uwa yadda ake amfani da shi, tunda ita ce ke wuni da shi. A tanadi littattafan jagora da Hausa domin iyaye, da na koyon maganar hannu domin gidajen da ke da kurame, da kayan wasa na motsa hannu da harshe. A rubuta a fili cewa in abu ya lalace a bakin aiki ba za a cire daga albashin ma'aikaci ba, domin wannan tsoro shi ne kwaɗon da ya kulle sito. Ta fannin kuɗi kuwa, jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da wakafi, kuma malamanmu sun daɗe da halatta wakafin littattafai da makamantansu. Attajirin da ya ba da na'ura goma a kan sharaɗin a riƙa ara, ya yi abin da zai shekara ashirin yana amfanar yaran da bai taɓa gani ba.

Ɗiyata ta girma, yawancin aikinta ya koma kwamfuta. Shekara uku da suka wuce ita da kanta ta ce mini, "Abba, wannan na'urar zaman me take yi a ɗakina?" Muka ba wani yaro ɗan aji biyu aronta, mahaifinsa mai sayar da kayan miya ya sa hannu a wani ɗan littafin rubutu da na saya, limamin unguwarsu ya tsaya masa. Da ƙarshen shekara ya kawo ta da kansa, ya naɗe ta cikin zanen matarsa, an goge ta tas, har da kwandon tumatir da na yi na yi ya ƙi komawa da shi. Yanzu tana gida na uku. Sau ɗaya ta ƙi tafiya, wani tsoho mai gyaran tafireta a bakin kotu ya buɗe ta ya share ya sa mai, ta ci gaba da aiki. A cikin littafin nan nawa akwai sunayen yara bakwai da suke jira, na'ura kuwa guda ɗaya ce.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ma'aikata, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da injiniyoyi, kowa ya duba ɗakin ajiyarsa da na ofishinsa. Akwai keken da tsoho ya bari bayan rasuwarsa, akwai sandunan dogarawa da aka jingine tun da ƙafa ta warke, akwai kwamfutar da aka sauya da sabuwa. Ga kwamishinonin ilimi da shugabannin laburare kuma, ina roƙon su buɗe sito su ƙirga, su sayi littafin rajista. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya shirya mana zuriya, Ya kuma sa mu zama masu amfani ga raunananmu, amin.